Ƙararrawar Gidan Vulko

Ranar da Yasen ya fara ganin Zornitsa bai ce mata uffan ba. Ba kunya ba ce, jikana ne, gidanmu ba a gadon kunya. Ranar fitar masu shigar dodo da muke kira kuker ce, Lahadin da ake kama azumi washegarinta, kuma duk wanda ya sa fatun awaki ya rufe fuskarsa da katako ba ya buɗe baki sai an gama zaga ƙauye. Aikinsa tsalle ne, ƙararrawar da ke ƙugunsa ta kori cuta da mugun abu daga kowane tsakar gida.

Ita kuwa daga Plovdiv ta zo, da takalmin birni, ta tsaya cikin taɓo riƙe da littafin zane.

"Don Allah ka ɗan tsaya in zana ka," ta ce.

Ya daka tsalle. Ƙararrawa bakwai suka amsa, ta zabura, littafin ya faɗa taɓo. Ya sunkuya da duk nauyin nan ya ɗauko, ya goge da gashin hannunsa, ya miƙa mata. Ba ta ga komai nasa ba sai idanu ta ramukan katako, amma ta daɗe tana kallonsu.

"Dyado, wai bebe ne?" ta tambaye ni, don ina zaune a bakin ƙofa. Dyado haka ake kiran tsoho a wajenmu, kamar a ce Kaka.

"Bebe ne har la'asar," na ce. "Bayan la'asar sai kin toshe kunne."

Da la'asar ɗin tana teburinmu tana cin burodi da cuku. Ta ce aikinta zana dodanni a wani kamfanin wasan kwamfuta. A cikin gem ɗin kai makiyayi ne, kana yawo a duwatsu kana faɗa da halittun da kakanni ke ba da labari. Ta nuna mini lamya, macijiyar nan mai tare ruwa, da kai uku. Na ce ta ƙara shida. Ta nuna mini karakonjul, mai hawa bayan mutum a tsakiyar hunturu, ta yi masa kyau kamar ɗan kwikwiyo.

"Wa ya gaya miki haka yake? Ni na yi kokawa da shi a bakin gada. Ki ba shi ido ɗaya da wari."

Ni Vulko ban taɓa zaman aji ba, amma ƙanƙara ta binne ni kwana biyu na fito, kyarkeci ya ɗanɗana cinyata ya tofar, gwamnati uku na binne. Yarinyar ta gane wanda take magana da shi, ta rubuta duk abin da na faɗa.

Ɗana Krastyo, uban Yasen, shi ke sassaƙa fuskokin gidanmu, kuma murmushinsa sai an tona. Ya ajiye cokali ya ce, "Zana abin da kika ga dama. Amma fuskar gidan nan ba ta shiga akwatinki."

"Na yi alkawari, Bai Krastyo," ta ce, don Bai kiran girmamawa ne a wajenmu. Ta yage shafin da ta fara zana Yasen, ta miƙa masa.

Kafin ta hau mota Yasen ya sake ɗaura ƙararrawa ya yi mata tsalle a bayan rumbu, ta naɗa a waya. Ta ce don ta riƙa jinsa a birni.

Daga nan waya ta hana yaro aiki. Ni yake karanta wa saƙonnin, don ya san ko me ya shiga kunnena ba ya fita.

"Bebena, yau na ƙara wa lamya kawuna shida, hannuna ya sage. Ka ce wa Dyado shi zai biya kuɗin magani."

"Tauraruwata, Dyado ya ce da can goma sha biyu ne, sassauci ya yi miki. Yaushe za ki zo? Ceri ya nuna, na hana kowa taɓa reshen da ke kan rijiya."

"Asabar. Idan tsuntsu ya riga ni, kai zan kama."

Bazara ta wuce a haka. Da kaka aka sa ranar da za mu je gidansu neman aure, Lahadi biyu masu zuwa. Krastyo bai yi murna ba, bai kuma hana ba.

Ranar Talata kamfaninsu ya saki bidiyon tallan gem ɗin. Muna shagon kofi na Stamenka da hantsi, wani ya kunna a waya, maza suka yi cincirindo. Ga daji, ga dusar ƙanƙara, ga sarkin karakonjul mai ido ɗaya yana saɓe da buhun yaran da ya sato. Fuskarsa ba tamu ba ce, ko kusa. Na fara cewa ni na ba da idon nan.

Sai ya taka ƙafa, ƙararrawa ta kaɗa a ƙugunsa.

Stamenka tana wanke kofuna, ta ba mu baya, ba ta ma kalli wayar ba. Ta ce, "Wa ya fito da ƙararrawar gidan Vulko ba lokacinta ba?"

Duk idanu suka juyo kanmu, ni da Krastyo.

Ɗan birni yana zaton ƙararrawa ƙararrawa ce. Mu nan kowane gida da muryar tasa, jariri ma ya san ta wane gida ce ta shigo layi. Tamu bakwai kakana ya haɗa su, ya shekara tara yana neman ta ukun da za ta dace da sauran. Lokacin da hukuma ta kwashe dabbobi da duk abin da ke wuyansu, ni na jefa su rijiya, na sha duka kwana uku ban nuna ba. Su ne yanzu a ƙugun ɓarawon yara. A ƙarshen bidiyon makiyayi ya sare shi, ya kwance su ya zuba a jakarsa kamar ganima.

Krastyo ya miƙe ya fita bai sha kofinsa ba. Kafin azahar mata biyu sun aiko cewa bana kada ƙararrawarmu ta shiga gidansu, suna da jikoki.

"Shekara ɗari muna korar mugun abu," Krastyo ya ce wa Yasen a tsakar gida, gizago a hannunsa, "yau an rataya mu a jikinsa duniya na kallo. Wa ya ba ta muryar?"

"Ni ne, Baba. Amma ba don haka ba."

"To ka rubuta mata. Ba inda za mu ranar Lahadi. In ka ƙi, ka bi ta, amma ka bar mini sunana a nan."

Yasen ya zauna a bakin rijiya, ya rubuta mata saƙo.

"Zornitsa, abin da na yi miki a bayan rumbu naki ne ke kaɗai. Kin ba ɓarawon yara."

"Bebena, wallahi ban taɓa fuskar ba! Mai haɗa sauti ya nemi ƙara mai girgiza zuciya, ni kuma ban san wadda ta kai taka ba. Na zaci ba wanda zai gane."

"Stamenka ta gane ba ta ko waiwayo ba. Baba ya fasa zuwa."

"Kai fa?"

Bai amsa ba. Kwana uku tana kira, yana kife wayar.

Akwai wani Ognyan a ofishinsu, shugaban masu zane, ya daɗe yana ajiye mata kofi a tebur ba ta sha. Ta same shi ta ce a cire sautin. Ita ta ba ni labarin daga baya. Ya ce saura wata biyu a saki gem, mutum dubu ɗari sun ji sun yaba, ba za a taɓa ba. Ya kuma ce, "Alheri aka yi miki, Zori. Da za ki ƙare kina tatsar awaki. Mu je cin abinci ki huce."

Ta ce, "In ba a cire ba, ni zan tafi."

"Ƙofa a buɗe take. Sautin dai ya zauna."

Ranar Juma'a saƙo ya shigo, Yasen ya karanta mini da murya ƙasa-ƙasa.

"Na bar cewa ban sani ba, laifina ne. Litinin da safe zan shiga wajen mai kamfani da wani sabon zane. In ta ƙi, na ajiye aiki. Ba don ka dawo ba, don Dyado ya sha duka a kansu."

Na ce, "Tashi ka ɗauko buhun ƙararrawa."

"Baba zai kashe ni."

"Ubanka fuska yake sassaƙawa. Ƙararrawa tawa ce har in mutu, kuma mutuwa ta gwada ni sau huɗu ta gaji."

Litinin muka hau motar safe. Ofishinsu hawa na huɗu ne, duk gilashi, yara zaune da abin toshe kunne. Mun tarar Zornitsa tsaye gaban mai kamfanin, wata mace mai furfura ana ce mata Nevena, Ognyan kuma yana gefe ya harɗe hannu. Da Zornitsa ta ga Yasen sai takardun hannunta suka zube.

"Su wane ne waɗannan?" in ji Ognyan. "Dattijo, nan ba kasuwa ba ce."

"Na sani, ɗana. A kasuwa ana tambayar mai kaya kafin a ɗauka."

Zornitsa ta tattara takardunta. Ta ce ta rataya ƙararrawa a inda ba wurinta ba. Karakonjul ba ya ɗaukarta, gudunta yake yi. Ta nuna sabon zanen: kuker wanda ba a faɗa da shi, ba a kashe shi, ba a ma ganin fuskarsa. Sai ɗan wasa ya kai gargara, dodanni sun rufe shi, sannan zai ji shi tafe.

"Wata biyu ya rage," in ji Ognyan. "Kuma sautin tsoro yake bayarwa, shi ya sa muka ɗauka."

"A waya kuka ji," na ce. "Yasen, ɗaura."

Ya ɗaura a kan rigarsa ta zuwa coci, ya daka tsalle. Gilashi ya ɗauki rawa, kofi ya zube, yaran nan duka suka miƙe. Sau bakwai ya yi, ya tsaya cak.

Nevena ta dafe ƙirji. Ta ce kakarta takan buɗe ƙofar gida da gudu in ta jiyo irin wannan. Ta dubi Zornitsa. "Sati uku na ba ki. In bai yi ba, tsohon zanen zai fita yadda yake."

A matakala Zornitsa ta tsaya nesa da Yasen. "Ba ka amsa mini ba. Kai fa?"

"Kilo talatin na hau da shi hawa huɗu, Tauraruwata. Wace amsa kuma?"

Na yi kamar ina neman hulata.

Krastyo bai yi mana magana ba sati ukun nan. Ranar da suka cika Zornitsa ta zo da kwamfuta a jaka, ta same shi yana sassaƙa a rumfa. Bai ɗago ba.

"Bai Krastyo, ban zo roƙo ba. Minti goma nake nema. In ka ce a'a bayan nan, ba za ka sake ganina ba."

Maƙwabta sun riga sun leƙo ta kan katanga, har da Stamenka. Ya goge hannu, ya karɓi abin dannawar kamar an ba shi kunama. Makiyayinsa ya yi ta karo da bishiya. Karakonjul suka fito, biyar, goma, suka haye bayansa, allon ya fara yin ja.

"Ina zan danna? Ke, ina zan danna!"

"Babu, Bai Krastyo. Saurara."

Daga can bayan dutse ta taso, a hankali, tana matsowa. Dodannin suka daskare, suka saki makiyayin, suka watse cikin daji suna tuntuɓe. Wani ƙato cikin fatun awaki ya ratsa ta gabansa yana tsalle, bayansa kawai ake gani, ya wuce abinsa.

Krastyo ya daɗe yana kallon allon. Ni kaina da ban san tsoro ba sai da na riƙe sandata da hannu biyu.

"Da ƙafar hagu yake tashi," Krastyo ya ce. "Ba kuker ɗin da ke tashi da hagu. Ta ukun kuma tana makara."

"Zan gyara."

"Ba za ki iya daga birni ba, sai kin gani da idonki ana yi." Ya ɗauki gizagonsa. "Yasen, gaya wa uwarka ta goge mini kwat ɗina. Lahadi ba ta da nisa."

Stamenka ta yi guɗa daga kan katanga, Zornitsa ta zauna a kan kututture ta fashe da kuka.

Bayan Ista aka ɗaura aure a cocin ƙauye. Uwar ango ta tare su a ƙofa da burodi da zuma. Aka ɗaga babban burodin biki a saman kawunansu, suka ba juna baya suka ja, don wanda ya sami babban rabo shi ke mulkin gida. Yasen mai ɗaukar kilo talatin ya tashi da ɗan guntun da bai cika tafin hannu ba.

"Ɗanka ne, Krastyo!" na ɗaga murya. "Ni a nawa bikin har faranti na haɗa!"

Krastyo ya yi dariya har ana ganin haƙoransa na ciki. Ya ɗaga kofi ya ce, "'Yata, gidan nan naki ne."

Na dafa kawunansu biyu. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya cika gidan da 'ya'ya masu ƙarfin ƙugu, ya sa ku tsufa tare har ku kai shekaruna. Wuce ni kam, kada ku sa rai.