Maguna Ba Su Cin Cini-da-Zugu

Da la'asar Mbok Darsih, shugabar mata masu suyar kifi a bakin teku, ta faɗo ofishin 'yan sanda ba ko sallama.

"Wiryo! An sace mana duro!"

Sufeto Wiryo ya miƙe. Kifinta ya ci ya girma, shi ya sa ita kaɗai ke kiran sunansa gatsal a gaban kurata.

Duron na tsohon man suya ne da matan suka tace ya zama man inji. Gwamnati ta sa tallafi ga wanda ya tada injin kwale-kwale ba da dizal ba. Da safe, gaban kwamitin tallafin, matan suka buɗe rumfar da suka ajiye duron suka ga wayam. Pak Kusno, mai gonar cini-da-zugu, ya tada nasa injin da man da ya ce daga 'ya'yan itatuwansa ya matso, ya cinye. Gobe za a sa hannu a ba shi tallafin.

A bayan rumfar Sufeto ya ga sawun baro ya nutse cikin yashi, ya nufi inda ake ɗaure jirage.

Ya biya wajen shugaban kwamiti.

"Kun duba man da Pak Kusno ya zuba?"

"Inji ya tashi, Yallaɓai, muka tafa."

"Ba ku shinshina ba?"

"Mura nake."

Sufeto ya dubi hancinsa. Ƙalau yake, a bushe.

Ya tarar da Pak Kusno zaune a jirginsa, tsohon da ya koya masa iyo yana yaro. Maguna sun yi wa salansar injin zobe, sai lasa suke.

"Baba, barka da nasara. Man daga gonarka ne?"

"Zallansa, ɗana. Da hannuna na matse."

"To, tada min in ji."

Tsoho ya ja igiya. Hayaƙi ya fito, ƙamshin kifi da tafarnuwa ya cika gaɓa. Wata mage ta yi kuka.

"Baba, yaushe mage ta fara cin cini-da-zugu?"

Pak Kusno ya kashe inji. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.

"Itatuwan ne suka ƙi yi," ya ce a hankali. "Shugaban kwamiti surukina ne. Ya ce in kawo kowane mai, ba mai dubawa. Duron na ƙarƙashin koma."

"Surukin naka ma yau zai kwana wajenmu. Tashi, Baba."

Bai sa masa ankwa ba. Hannunsa ya riƙe ya tsallakar da shi katako, kamar yadda tsohon ya taɓa riƙe nasa cikin ruwa.

A bakin hanya Mbok Darsih ta tare su, ta dangwara wa Pak Kusno ƙunshin kifi a ganyen ayaba.

"Ungo, tsohon banza. Man ka sha, saura kifin."