Fatar Lasifikar Malama

Kwaɗon shago yana nan lafiya, taga a rufe, amma durowar ƙasa wayam. Abin da Sufeto ta tarar ke nan da safiyar Talata, bayan mahaifiyarta ta kira ta a waya tana salati: "Ki zo, an yi wa babanki sata!"

Baba mai gyaran lasifika ne, amma ba irin akwatunan da ake ɗaurawa a mota ba. Nasa tsofaffi ne, dogaye, falle ɗaya kamar ƙyauren ɗaki. A cikinsu akwai jerin maganaɗisu, a gabansu kuma leda shimfiɗe wadda ta fi ɓawon albasa sirantaka, masu sana'ar suna ce mata fata. Ita ke kaɗawa ta ba da sauti. An daina yin irinta tuntuni. Wata takwas Baba ya yi yana rubuce-rubuce kafin wani tsoho a ƙasar waje ya aiko masa da naɗi ɗaya, na ƙarshe. Shi ne ya ɓace.

Fatar kuwa ta aikin Malama ce, tsohuwar malamar makaranta. Lasifikokin na marigayi mijinta ne, kuma ƙarshen wata za ta koma wurin ɗanta. Burinta ta zauna a falonsu sau ɗaya ta ji faifan da suke saurare tare.

"Wa ke da makulli?" in ji Sufeto.

"Ni," Baba ya ce yana kallon ƙasa. "Sai Mai Walda, saboda gobara. Ni da kin bar maganar nan, uwata. Ƙaddara ce."

Ta dube shi. Mutumin da ya taɓa hana gida cin abinci saboda ɓatan sukurudireba, yau shi ne mai tawakkali! Ta zaga shagon da ta girma a cikinsa. Lasifika ɗaya kwance a kan tebur a buɗe, an lulluɓe ta da farin ƙyalle. Waya, gam, ƙarfen narka dalma, komai a mazauninsa, ga safar hannu a ninke a gefen tebur. A kan kantar shagon wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, a kunne tana wani siririn fito mai shiga haƙori.

Ta fara da Mai Walda, maƙwabcin shekara ashirin.

"Kawu, ina makullin?"

"Ga shi a ƙusa, har ya yi tsatsa. Ni da babanki ya hana tsallake bakin ƙofarsa? Ko gaisuwa daga titi nake yi, kamar mai ciwon ido."

Ta kalli rigarsa da gashin hannunsa, duk garin ƙarfe. Ta koma ta ɗaga ƙyallen, ta goga farar takarda a kan maganaɗisun da ke daidai saman durowar. Takarda ta fito tas. Da Kawu ya sunkuya a wurin, da sun tsotse garin ƙarfen jikinsa sun yi gemu. Ta soke sunansa.

Saura Dogo, dillalin kayan gyara, wanda kowa ya san ya yi naci a sayar masa da naɗin.

"Na so, ranki ya daɗe, ban ɓoye ba," ya ce. "Amma in na sata, wa zan kai wa? Duk garin nan hannu ɗaya ke iya shimfiɗa ta, na babanki. In sace masa, in dawo in sayar masa? Kuma jiya ina asibiti wurin matata, ki tambaya."

Ta tambaya. Gaskiya ya faɗa.

Da ta dawo, Baba yana tsaye kusa da kantar shagon yana goge abin da ba shi da datti. Amfilifayar na nan tana fitonta dab da kunnensa. Sufeto ta tsaya a bayansa ta ce a hankali, "Baba." Bai juyo ba. Ta sake. Shiru. Sai zuciyarta ta karye, don wannan ne mutumin da yake jin ɗigar famfo daga ɗaki na uku.

Ta jawo kujera, ta hau, ta sauko da kwalin doguwar fitilar lantarki daga saman kabad. Duk kwalayen wurin sun yi ƙura, ban da shi. Ta leƙa ciki, ga naɗin fatar lafiya lau. Ta ajiye a gabansa, ta tsaya inda zai ga bakinta.

"Na kama ɓarawon, Baba."

Ya zauna a hankali.

"Ɓarawo ne mai tarbiyya," ta ce. "Ya bar wayar tagulla da amfilifaya. Ya sa safar hannu don kada gumi ya taɓa fatar, ya gama ya ninke su gida biyu, yatsu a ciki. Mutum ɗaya na sani mai ninke safa haka. Ya kuma zaɓi wurin da ba zafi ba laima. Abin da ban gane ba shi ne dalili, sai da na ji amfilifayar nan tana kuka tun safe ba ka kashe ta ba."

Ya waiga ya kalle ta, amfilifayar, kamar ta ci amanarsa. Ya miƙa hannu ya kashe.

"Tun bara ne kunnena ya fara nauyi," ya ce. "Kin san aikin. Sai na ja fatar, in ƙwanƙwasa da yatsa, in saurara, har ta hagu da ta dama su yi murya ɗaya. Jiya na gwada da ɗan gutsure, ban ji komai ba. In na ja ta wuce kima ta yage, babu wata a duniya. Na ga gara Malama ta ce an yi mini sata, da ta ce na lalata mata kayan mijinta. Ban san uwarki za ta kira hukuma ba."

"Hukuma kam ta zo. Kuma saura kaɗan Kawu da Dogo su sha kunya a banza."

"Zan ba su haƙuri." Ya share ido da bayan hannu. "To, me za ki rubuta?"

Sufeto ta rufe littafinta, ta cire hular aiki ta rataye a ƙusa. Ta ɗauki safar ta miƙa masa.

"Asibitin kunne ranar Alhamis, wannan umarni ne. Yau kuma aiki. Wa ya zaunar da ni a kan teburin nan ina shekara bakwai, yana ƙwanƙwasawa yana cewa wacce ta fi kauri? Kai ka ja, ni in saurara."

Ya karɓa. Sannan ya zura safar, ya warware fatar a kan katakon lasifikar, ya ja gefe ɗaya, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa. Ta kara kunnenta.

"Ƙara kaɗan, Baba."

"Ki ɗaga murya, uwata," ya ce yana murmushi. "Ɓarawon naki kurma ne."