Notin da Ake Juyawa

Ana gab da magariba, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, mai walda ya ɗora gungumen ƙarshe a kan injin faskaren da ya haɗa da hannunsa. Silindar da ke tura ƙarfen faskaren ta tsohuwar tifa ce, ya samo ta a wurin 'yan gwangwan. Ya ja liba baya don ƙarfen ya koma, sai ƙarfen ya yi gaba. A hankali ya tafi har ya danne hannun rigar ƙaninsa, wanda ke gyara zaman itacen. Da ƙyar ƙanin ya fizge. Suka tsaya suna kallon juna, tsakuwa uku suka faɗo a kan kwanon rumfa, ɗaya bayan ɗaya.

Washegari mai walda ya bi tiyo biyun da ke kai wa silindar mai ko an sauya musu wuri, ya tarar suna daidai. Ya tsiyaye mai, ya wanke matata, ya kwance bawul ɗin da ke juya hanyar mai ya mayar. Bakaniken layinsu ya leƙo ya ce iska ce ta shiga. Matar gidan ta hau neman tsari, shi kuma ya yi dariya ya ce ba irin wannan iskar yake nufi ba. Aka fitar da iskar. Injin ya wuni lafiya, amma da rana ta yi ja sai libar ta sake saɓa wa hannu.

Daga nan zargi ya shiga. Mai walda ya ɗiga fenti a kan notin da ke daidaita ƙarfin mai, da safe ya ga alamar ta goce. Shi da ƙaninsa kaɗai ke taɓa injin. Ya tuna ƙanin ya taɓa cewa gatari ya fi wannan tarkacen aminci, sai ya fara ƙirga sifanoninsa, ya daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Rana ta biyar ya faɗa masa a fuska cewa shi ke juya notin. Ƙanin ya ce, "Yaya, hannuna fa ya kusa tafiya." Ya haɗa kayansa ya bar gidan.

Notin bai daina juyawa ba. Mai walda ya koma kallon matarsa ta gefen ido, yana tambayar wa ya shigo, wa ya fita.

Ita ce ta gani. Tana kwashe shanya da yamma, sai ga mijinta ya shiga rumfa yana ɗingishi, shi da ƙafarsa lafiya. Ya durƙusa, ya juya notin da yatsu biyu, notin da sai an sa sifana. Ta kira shi, bai waiga ba. Bayan nan ya fito yana tambayarta wa ya shafa masa mai a hannu.

Ta ɗauko wani dattijon malami mai ruƙiyya. Ya zaunar da mai walda a gaban injin, ya fara karatu. Can wuyan mai walda ya karkace, muryar tsohuwa ta fito daga bakinsa.

"Shekara goma sha ɗaya ina cikin ƙarfen nan, ban taɓa kowa ba. Ya cika min ɗaki da mai mai zafi, yana matse ni safe da yamma."

Malam ya tambaye ta me take so. Ta ce jini. Ya ce ko na ƙuda ba za ta samu ba, ya ci gaba da karatu har ta yi ƙara. Sai ta ce a mayar da silindar inda aka ɗauko ta. Ya ce za a mayar, in ta yi alkawarin ba za ta dawo ba. Ta yi. Mai walda ya yi atishawa, ya kife.

Da safe ya kwance silindar da kansa, ya tura ta a baro. Daga can ya wuce wurin ƙaninsa. Ƙanin ya shimfiɗa masa tabarma, ya saurare shi har ƙarshe, ya ce ya yafe, amma ya riga ya kama wani aikin.

An samo wata silindar, injin yana faskare lafiya. Sai dai da rana ta yi ja, mai walda yakan kulle rumfa, ya miƙa wa matarsa mabuɗin, ya zauna inda za ta riƙa ganinsa.