'Yan Tsaki Goma Sha Huɗu

Ranar Talata da ƙarfe tara da kwata na safe aka bugo waya caji ofis daga ƙauyen Lukovac. An tsinci Tihomir Vasić, ɗan shekara saba'in da ɗaya, a mace cikin shingen kajinsa.

Sufeto Budimir Lazić ya isa da ƙarfe goma. Gawar na kwance rigingine, ƙeyarta a gefen komin ruwa na dutse. Wuyan rigar ya yage, maɓalli biyu sun fita. Baƙaƙen kaji kusan talatin sun takure a kusurwa ɗaya.

Saje Gvozden, wanda ya riga shi zuwa, ya nuna masa taɓon da ke ƙasa.

"Sawu iri biyu ne kawai, yallaɓai. Nasa, da na wancan takalmin roban da ke rataye a ƙofar shinge. Takalmin gida ne. Su biyu ne kuma a gidan."

Ta biyun ita ce Desanka, ƙanwar mamacin. Makon da ya wuce duk layin ya ji ta tana cewa wata rana sai ta yanka kajin nan kaf, ta haɗa da mai su. Budimir ya same ta a kicin, gahawa ta huce a gabanta.

"Mama, ina kike da ƙarfe bakwai?"

"Na je sayen burodi."

"Mai shagon ta ce ba ta gan ki ba."

"To ta nemi tabarau."

"An ji kin ce za ki yanka shi."

"Shekara arba'in ina faɗa. Mutum ya mayar da ɗakin uwarmu ɗakin ƙwai, me kake so in ce masa? Sannu da aiki?"

Da azahar aka tafi da ita gari. Awa arba'in da takwas za a iya tsare ta. Idan ba a samu wani abu ba kafin Alhamis, za a miƙa ta ga mai gabatar da ƙara bisa zargin kashe yayanta.

Budimir bai bi motar ba. Ya shiga ɗakin ƙwan. Injin ƙyanƙyasa a buɗe yake, ba komai ciki. A gefensa akwai akwatin katako, fitila na ci a kansa, da ruwa a faranti da ɗanyen kashin 'yan tsaki. Tsakon ne babu ko ɗaya. Babban zakaran kuwa, wanda kowane mai kiwo a yankin zai so ya mallaka, yana shinge ba wanda ya taɓa shi.

Da la'asar ya je gidan Leposava Ilić, shugabar ƙungiyar masu kiwon kaji ta yankin. Likitar dabbobi ce da ta yi ritaya. Ta kawo masa cuku da gasasshen barkono, bai ci ba.

"Shekara goma sha ɗaya muna neman baƙar kazar dutse, irin yankin nan na asali," in ji ta. "Ƙauye ƙauye, ni da Tihomir, a wata rubabbiyar mota. Tsofaffi na ganin mahaukata ne mu. Kaji tara muka samu da zakaru biyu. Yau gida bakwai ne ke riƙe da irin. In gidajen nan suka rasa shi, ya ƙare."

"Takalmin roban da ke ƙofarsa, na waye?"

"Na baƙi. Tun shekarar murar tsuntsaye, babu ɗan ƙungiyar da ke shiga shingen wani da takalminsa. Ka cire naka, ka sa na ƙofa, in ka fito ka rataye."

"Desanka ma?"

"Desanka? Ba ta taɓa sa ƙafa cikin shingen nan ba. Daga waje take zaginta."

"Wa zai ɗauki 'yan tsaki ya bar zakara?"

Ta ce, duk bazara kowane gida kan kai wa Tihomir ƙwai ya ƙyanƙyashe, don a tabbatar irin bai gauraya ba. Kowa da lambarsa, da fensir yake rubuta ta a jikin ƙwai. Na wa aka ƙyanƙyashe wannan makon, ba ta sani ba. Tsakaninsu da Tihomir suke shiryawa.

Ranar Laraba da safe Budimir ya sa aka fito da Desanka ɗakin tambaya. Ba ta taɓa abincin da aka ba ta ba.

"Wa ya kawo masa ƙwai sati uku da suka wuce?"

"Ina ruwana? Duk warinsu ɗaya."

"Ba ki je shago ba, Mama."

"Ban je ba."

"Kina ina?"

"Kicin." Ta daɗe tana murza bakin ɗankwalinta. "Kwana shida ba ma magana. Na ji muryar maza biyu, na ce su ne, mutanen kaji. Sai na ji ya kira sunana. Sau ɗaya. Na ce bari ya kira na biyu." Ta ɗago kai. "Bai kira ba. Sai ƙarfe tara na leƙa. Wannan kake so in faɗa wa mutanen gari?"

Budimir ya rubuta. Ya tambaye ta inda Tihomir ke zubar da ɓawon ƙwai.

"Ba ya zubarwa. Yakan ajiye mini a tebur, in busar a murhu, in daka wa tumatirina. Ran Litinin da yamma ma ya ajiye. Ko da muna gaba yana ajiyewa."

Cikin murhun kicin ɗin, a kan tire, Budimir ya samu ɓawon. Ya jera su a tebur. A jikin guda tara ana iya karanta lamba bakwai.

Lamba bakwai ta Slavoljub Petković ce, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, a ƙauyen da ke ƙetaren rafi. Shekara uku a jere kajinsa na cinye baje koli. Gida biyar cikin bakwai sun ari zakarunsa. Budimir ya ɗauki Leposava da Saje Gvozden, suka isa da ƙarfe ɗaya.

Slavoljub ya tarbe su a tsakar gida, ya fito da kwalbar barasar gida da suke kira rakiya, da ƙananan kofuna.

"Allah ya ji ƙan Tihomir. Shi ya tsaya mini ranar aurena, yallaɓai."

"Yaushe rabonka da gidansa?"

"Tun bikin Ista."

"Ka kai masa ƙwai."

"Na aika masa. Ya ce mini ba su yi ba, duk sun lalace."

"Naka kajin sun ƙyanƙyashe bana?"

"Tukuna. Sai wata mai zuwa."

A kan teburin da ke ƙarƙashin inabi akwai wani ɗan kwano. Gwaiduwar dafaffen ƙwai ce aka murje da garin masara. Budimir ya ɗaga kwanon.

"Wannan fa, kai ke ci?"

"Haƙorana sun lalace."

"Allah ya sawwaƙe," in ji Saje Gvozden. "Saura a ba ka ruwa a faranti."

Ba wanda ya yi dariya. Cikin shirun sai aka ji ƙaramin kuka daga kicin ɗin waje. Budimir ya tura ƙofar. Kwali ne a kusa da murhu, an shimfiɗa masa tsohuwar rigar sanyi, an rataya fitila a kansa. Ya ƙirga. Goma sha huɗu.

"Nawa ne," in ji Slavoljub. "Na manta ne."

Leposava ta durƙusa ta ɗauki ɗaya. Akwai ɗigon shuɗin magani a kansa.

"Alamar Tihomir ce," in ji ta. "Haka yake yi wa na gwaji."

Ta juya tsakon ta duba tafin ƙafarsa. Ta ajiye, ta ɗauki wani. Sai da ta duba duka. Kazar dutse baƙin tafin ƙafa gare ta tun daga ƙwai. Biyar daga cikin waɗannan fari ne nasu.

"Slavoljub," ta ce. "Me ka sa musu?"

Ya zauna a bakin ƙofa. Ya yi magana ba tare da ya dubi kowa ba.

"Shekara huɗu ke nan. 'Yan tsakina suna ta mutuwa. Uba ɗaya, kaka ɗaya, jinin ya gaji. Cikin ashirin sai uku su tashi, ke ma kin sani. Na sayi wani baƙin zakara ɗan waje a kasuwa, na sa shi bazara ɗaya, na yanka shi. Sai suka rayu. Suka yi girma. Kuka yi ta tafa mini."

"Gwajin fa?"

"Ina da tsohuwar kaza guda ta asali. Ƙwanta nake kai masa. Ta mutu cikin hunturu."

"Gida biyar," in ji Leposava. "Gida biyar ka ba zakara."

"Mu koma kan ranar Talata," in ji Budimir.

"Shi ya kira ni, ya ce in zo in gani da idona. Na roƙe shi ya ba ni shekara biyu in tace irin. Ya ce ran Lahadi zai ɗora akwatin a kan tebur gaban 'yan ƙungiya. Ya juya ya shiga shinge yana ba kaji hatsi, kamar ba da shi nake ba. Na sa takalmin ƙofa, na bi shi. Na riƙe wuyan rigarsa don ya dube ni. Ya fizge, na tura shi."

"Ya mutu nan take?"

"A'a. Ya kira ƙanwarsa."

"Kai kuma ka shiga ɗaki ka kwashe 'yan tsaki."

"E."

"Ka ƙetare rafi da su. Da ka zuba su a ruwa, da yau ba ni da komai a kanka."

Karon farko ya ɗago ya dubi Sufeton.

"Kwanansu ɗaya a duniya, yallaɓai."

"Ka san an kama Desanka?"

"Na ji."

"Matar ta kwana a sel. Gobe za a kai ta gaban mai gabatar da ƙara. Kai kuma ka yi shiru."

"In na yi magana, wa zai ba su ruwa?"

Saje Gvozden ya sa masa ankwa ya kai shi mota. Leposava ba ta tashi daga gaban kwalin ba. Ta ce wa Sufeton dole a yanka duk abin da ya fito daga zakarun gidan nan, kaji sun haura ɗari, a koma kan gida ɗaya.

Da ƙarfe huɗu da minti goma aka saki Desanka Vasić. Budimir da kansa ya kawo mata jakarta. Ta tambaye shi abu ɗaya: da ta fita lokacin da ya kira, da ya rayu?

Rahoton likita na cikin aljihunsa. Ya ce mata bai iso ba tukuna.