Gaisuwar Mai Kwalekwale

Da ƙarfe tara na kowace safiya Kunne ke yanke hukunci. Na'ura ce mai girman rumbu, a hawa na arba'in na kamfanin Hasken Kogi da ke Sabuwar Yawuri. Aikinta shi ne sauraron mutum miliyan sittin masu buga wasan bidiyon nan, Ƙetare. Yabo da zagi da mita, duk tana tarawa ta auna. Abin da bakwai cikin goma suka ƙi, sai ta goge shi har saiwa.

Injiniya Hansatu ce ta ƙera ta. A da, kamfanin kan cire abu daga wasan, daga baya ya dawo da shi ya ce a sake saya, har jama'a suka yi bore. Hansatu ta tsaya gaban duniya tana ji da kanta, ta ce daga yau ra'ayin 'yan wasa ne sarki, abin da Kunne ta goge ko ita ba za ta iya ajiye kwafinsa ba. Aka sha tafi kuwa.

A cikin wasan, kafin ka isa fagen yaƙi sai ka ƙetare kogi. Mai tuƙa kwalekwalen wani dattijo ne, kuma ba ya ajiye ka sai ya gaishe ka: kwana, gajiya, iyali, ruwan bana. Minti uku cur, babu tsallakewa. Dattijon nan mahaifinta ne, Malam Ilu, wanda ya shekara hamsin yana fito. Kafin ya rasu ya yi shekara biyu yana hira da kwamfuta, ta ɗauki muryarsa da halinsa da duk abin da ya sani. Sunan mahaifiyarsa Hansatu ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba.

Kullum kafin ta fara aiki takan ɗaura tabaron shiga wasa, ta zauna a kwalekwalen.

"Uwata, kin karya kuwa?" zai tambaye ta. "Na ga idonki ya faɗa."

Da aka ninka farashin wasan, haushin jama'a ya rasa inda zai sauka, sai kan tsoho. "Albashin wata na zuba don wani dattijo ya tambaye ni gajiya?" in ji wani. Wasu suka mai da jifansa da mashi abin gasa. Shi ko sai ya ce musu sannu da ƙoƙari.

Ma'aunin Kunne na masu ƙin tsohon ya kai sittin da takwas cikin ɗari. Hansatu ta je wurin shugaban kamfanin, Alhaji Tanimu.

"Ranka ya daɗe, a kashe ta na kwana ɗaya."

"Injiniya, ke kika gina ta ba maɓallin kashewa. Ni ma na ce a sa, kika ƙi."

Sai ta shiga dandalin 'yan wasa ta rubuta gaskiya: mahaifinta ne, kuma iya abin da ya rage mata ke nan. Kaico, da ta yi shiru. Suka ce ashe son kai ne, ta cusa musu ubanta da kuɗinsu. Kafin la'asar ma'auni ya haura saba'in.

Washegari ta shiga kwalekwalen tara saura minti biyu. Ta kasa faɗa masa.

"Uwata, yau ba ki da magana. Wa ya taɓa ki?"

"Ba kowa, Baba. Ni ce."

"To ki yafe wa kanki, mu ƙarasa. Yaya gaji..."

Tara na cika, ba kwalekwale ba tsoho, sai ga ta tsaye a kan wata gadar ƙarfe. Ta yi kukan da ko ranar jana'izarsa ba ta yi ba, domin wancan karon Allah ne ya karɓa, wannan kuwa aikin hannunta ne.

Ba a yi wata guda ba mutanen nan dai suka fara ƙorafi. Wasan ya zama fayau, ina tsohon nan mai kirki? Har da masu zane-zanen ta'aziyya, waɗanda jiya suke jifansa. Kunne ta saurara, ta haɗa sabon mai kwalekwale daga abin da suke tunawa. Kamfani ya sa masa farashi, ya kira shi Gaisuwar Alfarma.

Hansatu ta san ba shi ba ne. Duk da haka ta biya.

Ga hular, ga furfurar, ga tabon igiya a hannunsa. Ya tambaye ta kwana da gajiya da iyali da ruwan bana, bai bar ko ɗaya ba. Tana amsawa, tana jira. Da suka kusa gaɓa ya dube ta da fara'a.

"Baiwar Allah," ya ce, "yaya sunanki?"