Ranar da Rumbun Raƙiya Ya Cika

Kasuwar dabbobi ta Tawa na ci, Nasrullahi ya faɗo buro, ofishin masu kula da dabbobi, da waya a hannu yana huci. Mai allurar rigakafin dabbobi ne daga Affala, hotunan shanun da ya yi wa allura sun ƙi shiga rumbun bayanan ofishin.

"Wa ke kula da abin nan?"

Raƙiya ta ɗago daga ordinata, kwamfutar buron. Yana ganinta ya manta da faɗan.

"Ni ce. Rumbun bayananmu haya muke yi a intanet, ya cika. Zamna in haɗa mishi ƙarin ma'aji, in kwashe hotuna can."

Aikin bai daɗe ba, shi ne ya daɗe. Da la'asar saƙo ya shigo mata: "Hotuna sun shiga, Gimbiya. Ni ne na kasa fita."

Ta yi dariya, abin da ta jima ba ta yi ba. Tun da ta kama aikin nan ba ta da ranar kanta. Ma'aji na kusa da cika, waya ta yi kuka, ko ana biki ko ana zaman makoki. In ta yi jinkiri rumbun ya tsaya cak, masu allura su yi cirko-cirko a daji. Akwai maɓallin da zai sa ma'ajin ya riƙa faɗaɗa da kansa, amma patron ɗinta, Abdurazak shugaban buron, ya riƙe izinin. Son ta yake, ya fi so kullum ta zo ta roƙa.

Soyayyarta da Nasrullahi ta yi nisa. Ranar da za ta je Affala gaida Inna, mahaifiyarsa, har ta hau mota wayar ta yi kuka. Affala babu rezon intanet mai ƙarfin da za ta yi aikin daga can. Ta sauka tana hawaye.

Inna ta yi fura, ta share tsakar gida, ta jira har furar ta yi tsami.

"Ɗiyar da ba ta iya barin inji ta gaida tsohuwa, ita za ka kawo min?"

Nasrullahi kuwa da ya biyo sawu, ta taga ya hango ta tsaye gaban teburin Abdurazak, kanta a sunkuye. Ya juya. Saƙonsa gajere ne: "In shi kika zaɓa, ki faɗa min."

Ta rubuta: "Roƙonsa nike ya buɗe min ƙofa, Nasuru na. Ɗaure nike, ba zaɓe na yi ba."

Da safe ba ta roƙi kowa ba. Ta kwashe tsofaffin bayanai zuwa ma'aji na biyu, rumbun ya samu sarari. Ta ajiye makullin buro gaban Abdurazak.

"Ko ka kunna maɓallin, ka ɗauko wanda zan koya wa aikin, ko ka yi da kanka."

Ya daɗe yana kallon makullin, sannan ya jawo ordinata ya kunna.

A ranar ta isa Affala, ta durƙusa gaban Inna ta faɗi komai. Tsohuwa ta ce, "Tashi, ƙasa da zafi."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Inna ta kama hannunta ta sa cikin na ɗanta.

"Ga ta nan. Ta sha tsare, kada ka ƙara mata. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Gida ya amsa da amin.