Hoton Baikon Bisera

"Bisera, ina hotonmu?"

Ko gaisuwa Dimche bai tsaya yi ba. Ya same ta a tsakar gidansu a garin Bitola, ita da mahaifiyarta suna ɓare gasasshen tattasai na ajiyar hunturu, hannuwa duk sun yi baƙi. Uwar na ganin fuskar saurayin ta ɗauki kwanonta ta shige ciki.

"Wane hoto kuma, masoyi?"

"Kar ki raina min hankali! Hoton baikonmu. Ya ɓace daga shafinki na Facebook. Tun safe Inna take kuka, wai kin fasa aurena. Goggona ta bugo daga Ostareliya, wai dama ita ta san za a rina!"

Dariya ta kusa ƙwace wa Bisera. Ai matan dangin Dimche sun fi mai gadi sa ido! Amma da ta ga idonsa ya yi ja, sai ta haɗiye dariyar.

"Zauna ka ji. Ɓoye shi na yi, ban goge ba. Jibi zan je ganawar neman aiki a kamfanin inshora. Ƙawata ta ce sai sun leƙa shafin mutum tukuna. Da sun ga mace na shirin aure, shi ke nan, sai su ce gobe za ta nemi hutun haihuwa..."

"Shi ne kika ɓoye ni?"

"Dimche, tun da na gama jami'a nake zaune. Na gaji da ɓare tattasai da digiri a akwati!"

Ya fi kowa sanin yadda take son aikin nan, don shi yake kai ta duk inda ta je nema, shi kuma yake lallashinta a hanyar dawowa. Can ya sauke ajiyar zuciya, ya durƙusa gabanta.

"Ki yafe min, hasken idona. Bar shi a ɓoye, ni zan ji da Inna." Ya kamo hannunta. "Amma zoben fa? Shi ma za su gani. Kawo in ajiye miki zuwa jibi."

Ya fara murza zoben a hankali yana murmushi. Bisera ta ji tausayinsa da ƙaunarsa sun cika mata ƙirji, kunya kuma ta kama ta. Mutumin da ya yarda a ɓoye shi saboda ita!

Ta dunƙule hannunta gam.

"Sakar min yatsa."

"Bisera, aikin..."

"Na ce ka saki! Ɗauko min wayata, hannuna duk toka ne. Mayar da hoton da kanka."

Ranar ganawa ta tafi da zobenta. Manajan ya yaba takardunta sosai, sannan ya kalli yatsanta ya tambayi yaushe ne biki. Ta gaya masa gaskiya, bayan hunturu. Ya ce za su neme ta.

Ba su neme ta ba. Ta yi kukanta har ta gode wa Allah, ta share hawaye, ta ci gaba da aika takardu wasu wuraren.

Ranar Lahadi sai ga Inna Stoyanka, mahaifiyar Dimche, ta shigo da faranti cike da gurasa mai cuku, ɗanta na biye da ita. Ashe ya kwashe labarin kaf ya gaya mata. Matar da ba ta taɓa kiran Bisera da wani suna ba sai "yarinyar nan" ta dire farantin, ta rungume ta har tana neman shaƙe ta.

"Inna, ban samu aikin ba fa..."

"Na sani mana! Su riƙe abinsu." Ta kama fuskar Bisera da hannu biyu, tana dariya tana hawaye. "Aiki zai zo, 'yata. Su suka yi asara, ni na yi tsintuwa. Kai kuma Dimche, je ka ga limamin coci yau ɗin nan, ba zan jira ƙarshen hunturu ba!"